Yadda mujallun ilimi suke tantance maƙala kafin su buga ta

Duk malamin jami'a da ɗalibin digiri na uku ya san cewa maƙalar da ta fito a mujallar ilimi ita ake ƙirgawa idan an zo maganar ƙarin girma ko kammala karatu, amma ba kowa ya san hannuwan da maƙalar take bi ba daga ranar da aka aika ta zuwa ranar da amsa za ta iso. A wannan tsakanin ne ake yin tantancewar masana, wato edita ya miƙa rubutun ga wasu masu bincike da suke fage ɗaya da marubucin, su karanta su rubuto ra'ayinsu, sannan ya yanke hukunci. Masu tantancewa shawara kawai suke bayarwa, hukunci na edita ne, kuma daga editan har masu tantancewar babu wanda ya taka ƙafa ya je gona ko asibiti ko ɗakin gwajin da aka yi aikin. Abin da marubuci ya sa a takarda shi ne iyakar abin da suke da shi, saboda haka duk abin da bai bayyana ba, a wurinsu daidai yake da ba a yi shi ba.

Tsarin bai tsufa kamar yadda ake zato ba. Lokacin da mujallar Philosophical Transactions ta fara fitowa a Landan a 1665, Henry Oldenburg, sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society, shi yake zaɓen abin da zai buga. Sai a 1832 ƙungiyar ta fara karɓar rubutattun rahotanni daga masana a kan maƙalun da aka kawo mata, ita kuwa mujallar Nature ba ta wajabta aika kowace maƙalar bincike ga masanan waje ba sai a 1973.

Mataki na ɗaya: zaɓen mujalla da shirya maƙala

Aikin farko yana hannun marubuci, kuma a nan ake yawan yin asara. Kafin ka tsayar da mujalla, karanta shafin da ta bayyana manufarta da fagenta, sannan ka buɗe fitowarta biyu ko uku na baya-bayan nan ka ga irin maƙalun da take bugawa. Wata hanya mai sauƙi ita ce ka duba jerin manazartarka, domin mujallun da ka fi yawan dogara da su, su ne galibi masu karatunsu za su damu da abin da ka gano.

Bayan haka sai ka tabbatar mujallar ta gaskiya ce. Akwai masu kafa mujalla don kuɗi kawai, waɗanda suke cika akwatin imel na malamai da saƙonnin yabo, suna alƙawarin buga maƙala cikin mako guda da zarar an biya. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya rubuta wata maƙalar bogi a kan wani sinadari da aka ce yana hana ƙwayoyin ciwon daji yaɗuwa, ya cusa mata kurakuran da duk masanin fannin zai gani, ya aika wa mujallu 304. Mujallu 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Don kauce wa irin waɗannan, nemi sunan mujallar a rumbunan da suke tace abin da suke shigarwa, irin su DOAJ, Scopus da Web of Science, ko kuma AJOL, wanda tun 1998 yake tattara mujallun Afirka. Ka je rumbun da kanka, kada ka yarda da tambarin da mujallar ta liƙa a shafinta, domin liƙa tambari ba ya da wuya.

Idan ka tsayar da mujalla, sai ka bi ƙa'idojin da ta gindaya wa marubuta sau da ƙafa: yawan kalmomi, tsawon tsakure (gajeren taƙaitawar da ke farkon maƙala), adadin fitilun kalmomi (muhimman kalmomin da ake neman maƙalar da su), salon madogara, da yadda take son jadawali da hotuna. Binciken da ya shafi mutane yana bukatar takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, bisa tafarkin Sanarwar Helsinki ta 1964, kuma tun 2005 manyan mujallun likitanci ba sa duba gwajin magani da ba a yi wa rajista ba kafin a fara ɗaukar marasa lafiya. Sai kuma batun sunayen marubuta. Ƙa'idar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya shimfiɗa ita ce, wanda za a sa sunansa dole ya kasance ya ba da gudummawa ta haƙiƙa wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutu ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin. Sanya sunan shugaban sashe don kara, ko sunan aboki don shi ma ya saka naka a tasa, saɓa wa wannan ƙa'ida ne, ko da kuwa ya zama ruwan dare. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma ba a sa su a jerin marubuta, tun da ba za su iya ɗaukar alhaki ba, sai dai a bayyana yadda aka yi amfani da su.

Yawancin mujallu ta intanet suke karɓar maƙala, ta manhajoji irin su ScholarOne, Editorial Manager ko Open Journal Systems. Za a nemi gajeriyar wasiƙa zuwa ga edita, wadda ya kamata ta faɗi tambayar binciken, abin da aka gano, da dalilin da ya sa ya dace da wannan mujalla. A nan ne kuma za ka tabbatar cewa maƙalar ba ta gaban wata mujalla, domin aika maƙala ɗaya wurare biyu a lokaci guda laifi ne da kan jawo a kore ta daga duka biyun.

Mataki na biyu: dubawar ofis

Kafin edita ya ga maƙalar, ma'aikacin mujalla zai duba ko takardu sun cika, sannan ya saka rubutun a manhajar gano satar fasaha, galibi iThenticate. Manhajar ba ta yanke hukunci, tana nuna wuraren da kalmominka suka yi daidai da na wasu rubuce-rubuce ne kawai, mutum ne zai duba ya ga ko kamannin a jerin manazarta yake, ko kuwa sakin layi guda aka kwaso ba tare da madogara ba. Wanda ya ciro maƙalarsa daga kundin digirinsa ya faɗi haka a wasiƙarsa tun farko.

Mataki na uku: teburin edita

Nan ne maƙalu da yawa suke tsayawa. Edita zai karanta take, tsakure, wasiƙa, ya leƙa jadawali da kammalawa, sannan ya tambayi kansa ko wannan aiki ya shiga fagen mujallar, ko akwai sabon abu a cikinsa, kuma ko ya kai a ɗora wa masana biyu ko uku nauyin karanta shi kyauta. Idan amsar a'a ce, zai mayar da maƙalar cikin 'yan kwanaki ba tare da kowa ya tantance ta ba. Nature, alal misali, ba ta buga ko kashi 10 cikin 100 na abin da ake aiko mata, kuma mafi yawan waɗanda take ƙi a wannan mataki take ƙin su. Wasu mujallun ma'auninsu daban ne: PLOS ONE, wadda ta fara a 2006, ba ta tambayar ko sakamakon zai girgiza duniya, ingancin hanyar binciken kawai take dubawa.

Ƙin da aka yi a tebur yana da zafi, amma ya fi sauƙi a kan a jira wata shida kafin a ji amsa iri ɗaya. Abin da yake nunawa kuma shi ne, tsakure ba wurin shimfiɗa ba ne. Tsakuren da ya ɓata rabin kalmominsa wajen bayanin muhimmancin ilimi ko noma ga al'umma, ya bar sakamako a jimla ɗaya maras adadi, ya riga ya cuci maƙalar.

Mataki na huɗu: neman masu tantancewa

Idan maƙala ta tsallake, edita zai nemi masana biyu ko uku. Yakan samo su daga rumbun mujallar, daga jerin manazartar maƙalar, ko daga sunayen da marubuci ya ba da shawara. Waɗannan mutane a mafi yawan mujallu ba a biyansu ko kwabo, suna da azuzuwa da ɗalibai da nasu binciken, don haka edita yakan gayyaci mutane da dama kafin biyu su amsa. Yawancin jinkirin da marubuta suke kuka da shi daga nan yake tasowa. Wanda aka gayyata dole ya janye idan yana da alaƙar da za ta iya karkata hukuncinsa, kamar a ce wurin aikinsu ɗaya da marubucin, ko sun yi rubutu tare kwanan nan, ko akwai gaba a tsakaninsu.

Idan an ce ka ba da sunaye, ba da na masana na gaskiya tare da adireshin imel na cibiyoyinsu. Editoci suna taka-tsantsan da wannan ne saboda abin da ya taɓa faruwa: a 2017 kamfanin buga mujallu na Springer ya janye maƙalu 107 daga mujallar Tumor Biology bayan an gano cewa an ba da sunayen masana na gaskiya da adireshin bogi, ta yadda rahoton yabo yake fitowa daga hannun masu maƙalar ko dillalansu.

Mujallu sun bambanta wajen ɓoye suna. A yawancin mujallun kimiyya mai tantancewa ya san marubuci, amma marubuci bai san shi ba. A fannonin zamantakewa da adabi an fi ɓoye sunayen ɓangarorin biyu, wasu kuma, irin su mujallar likitanci ta BMJ, suna bayyana wa marubuci sunan wanda ya tantance masa. Hujjar masu ɓoye sunan marubuci tana da ƙarfi. A 1982 Douglas Peters da Stephen Ceci sun ɗauki maƙalu 12 da manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam suka riga suka buga, suka sauya sunayen marubutan da na fitattun jami'o'insu da na wasu cibiyoyin ƙirƙira, suka sake aika wa mujallun da suka buga su. Uku kawai aka gane, kuma cikin tara da suka rage an ƙi takwas. Idan mujallar da ka zaɓa tana ɓoye suna, cire sunanka daga rubutun, daga sashen godiya, da kuma daga bayanan da kwamfuta take ajiyewa a jikin fayil, sannan ka guji faɗin "kamar yadda muka nuna a aikinmu na baya".

Mataki na biyar: abin da mai tantancewa yake nema

Yawanci ana ba shi mako biyu zuwa huɗu. Mai tantancewa na ƙwarai yakan karanta sau ɗaya don ya gane inda maƙalar ta dosa, sannan ya koma da alƙalami, kuma sashen da yake daɗewa a kai shi ne na dabarun bincike. Tambayarsa ta asali guda ce: shin hujjar da aka kawo ta isa ta ɗauki nauyin maganar da aka yi a kammalawa?

A ce wani ya yi bincike a kan zazzaɓin cizon sauro a tsakanin yaran da aka kawo wani asibiti guda a watannin Agusta da Satumba, sannan ya kammala da cewa adadin da ya samu shi ne halin da yaran jihar baki ɗaya suke ciki. Mai tantancewa zai lura cewa waɗannan watanni tsakiyar damina ne, lokacin da cutar take kan ganiyarta, kuma yaran da aka kawo asibiti dama marasa lafiya ne, ba za su wakilci waɗanda suke gida ba. Zai tambayi yadda aka tabbatar da cutar, ko da madubin likita aka duba jini ko da gwajin gaggawa, yadda aka tsayar da yawan yaran da za a ɗauka, da kuma nawa ne aka cire daga lissafi da dalilin cire su. Zai kuma haɗa alkaluman jadawali ya ga ko sun yi daidai da na cikin tsakure, kuma abin mamaki ne yadda sau da yawa ba sa yin daidai. A fagen adabi ma haka abin yake, sai dai kayan aikin ne suka bambanta. Wanda ya yi nazarin waƙar baka za a tambaye shi wane faifai ya saurara, a ina aka ɗauke shi, wa ya juya waƙar zuwa rubutu, kuma ko ra'in da ya ambata a gabatarwa ya yi aiki da shi a nazarin ko kuwa ya ajiye shi a nan ya wuce.

Daga nan sai ya duba ko an san ayyukan da suka gabata, ko an ambaci raunin binciken, da ko rubutun yana karantuwa. Rahotonsa yakan fara da taƙaita abin da ya fahimta, sai manyan matsaloli, sai ƙanana. Akwai kuma wani sashe na sirri da edita kaɗai yake gani, inda yake faɗin shawararsa da duk wani zargi da yake da shi. Maƙalar amana ce a hannunsa, ba shi da izinin nuna wa wani ko amfani da abin da ke cikinta kafin ta fito.

Mataki na shida: hukunci

Edita zai karanta rahotannin ya auna su. Ba ƙuri'a ake kaɗawa ba, domin rahoto guda mai hujja yana iya rinjayar biyu masu yabo maras dalili, idan kuma suka yi hannun riga yana iya neman na uku. Hukuncin ba ya wuce ɗaya daga cikin huɗu: karɓa ba gyara, wanda da wuya a gan shi a zagayen farko, ƙaramin gyara, babban gyara, ko ƙi. Babban gyara ba alƙawarin bugawa ba ne, amma yana nufin ƙofa a buɗe take. Idan wata uku ya wuce ba ka ji komai ba, babu laifi ka aika gajeren saƙo mai ladabi, ka ambaci lambar maƙalar, ka nemi sanin inda aka kwana.

Mataki na bakwai: amsa wa masu tantancewa

A ganina nan ne ake gane marubucin da ya ƙware. Rahoto mai tsanani yana ɓata rai, kuma manya ma bai bar su ba. A 1936 Albert Einstein da Nathan Rosen sun aika wa mujallar Physical Review maƙalar da take musun samuwar igiyoyin da ƙarfin jan nauyi yake haifarwa a sararin samaniya. Editan, John Tate, ya aika wa wani masani, wanda ya nuna akwai kuskure. Einstein ya fusata, ya rubuto cewa bai ba da izinin a nuna wa kowa maƙalar kafin a buga ba, ya janye ta. Da ta fito a wata mujalla a 1937, an sauya kammalawarta, domin mai tantancewar, wanda daga baya aka gano Howard Robertson ne, shi ke da gaskiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Saboda haka idan rahoto ya iso, karanta ka ajiye shi kwana ɗaya ko biyu kafin ka taɓa shi. Sannan ka buɗe sabuwar takarda, ka kwafo kowane batu ɗaya bayan ɗaya da lambarsa, ka rubuta amsa a ƙarƙashinsa, ba tare da tsallake ko guda ba. Amsar ta faɗi abin da aka yi da inda aka yi shi. Idan mai tantancewa na biyu ya ce ba a bayyana yadda aka tabbatar da cutar ba, amsar "an gyara" ba ta wadatar ba. Abin da ake so shi ne kamar haka: "Mun gode da wannan lura. An tabbatar da cutar ta hanyar duba jini da madubin likita, kuma ma'aikata biyu ne suka karanta kowane samfuri. Mun ƙara wannan bayani a shafi na 6, layi na 112 zuwa 118." Edita mai maƙalu da yawa a gabansa zai iya tabbatar da irin wannan amsa cikin minti ɗaya.

Ba dole ba ne ka yarda da komai. Idan kana ganin mai tantancewa ya yi kuskure, faɗi haka cikin girmamawa, ka kawo hujja da madogara. Sai dai ka fara tambayar kanka abin da ya sa masani a fagenka ya kasa gane maganarka, domin sau da yawa laifin na jimlar ne, kuma gyara ta ya fi jayayya amfani. Idan an nemi aikin da ba zai yiwu ba, kamar komawa a sake tattara bayanan daminar da ta wuce, bayyana dalili, ka rage girman iƙirarinka, ka sa batun cikin raunin binciken. Idan masu tantancewa biyu suka nemi abubuwa masu karo da juna, zaɓi wanda ya fi hujja ka sanar da edita. Wanda kuma ya matsa sai an ambaci tarin maƙalun mutum ɗaya da ba su da alaƙa da aikinka, kai ƙararsa ga edita a keɓe, domin ƙungiyar COPE, wadda tun 1997 take shimfiɗa wa mujallu ƙa'idojin ɗa'a, tana ɗaukar wannan a matsayin cin amanar aiki. Ka haɗa da kwafin maƙalar da ke nuna wuraren da aka sauya, ka kuma kiyaye wa'adi ko ka nemi ƙari kafin ya cika. Babban gyara yakan koma hannun masu tantancewa na farko, kuma zagaye biyu ko uku ba baƙon abu ba ne.

Idan ƙi aka yi, ɗaukaka ƙara ba ya da amfani sai in akwai kuskure bayyananne da za ka iya nunawa. Abin da ya fi shi ne ka yi gyaran da rahotannin suka nuna kafin ka aika wata mujalla, musamman da yake a ƙaramin fage maƙalar tana iya sake faɗawa hannun mutumin da ya karanta ta da farko.

Mataki na takwas: bayan karɓa

Za a gyara harshe, a tsara shafuka, a aiko maka da kwafin dubawa na ƙarshe, wanda galibi kwana biyu ko uku ake bayarwa a mayar. Duba alkaluman jadawali, sunayen marubuta da na cibiyoyinsu, idan kuma akwai Hausa a ciki ka tabbatar ƙugiyoyin ɓ, ɗ da ƙ ba su zube ba. Ba a sauya sakamako a wannan mataki. Mujallun da ake karantawa kyauta da yawa suna karɓar kuɗin bugawa bayan an karɓi maƙala, kuma wasu suna yafewa ko ragewa ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma tun lokacin aikawa ake neman wannan sauƙi.

Fitowar maƙala ba shaida ba ce cewa babu kuskure a cikinta. A wani gwaji da Fiona Godlee da abokan aikinta suka buga a 1998, an cusa kurakurai takwas a maƙala guda aka raba wa masu tantancewar BMJ, kuma abin da kowannensu ya gano bai wuce biyu ba a matsakaici. Ƙarya da aka shirya da gangan ta fi haka wuyar kamawa, tun da ba a cika ganin ainihin bayanan ba: maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta wata allurar rigakafi da larurar galahanga ta fito a mujallar The Lancet a 1998, ba a janye ta ba sai a 2010. Don haka idan ka gano kuskure a maƙalarka bayan ta fito, rubuta wa edita nan take, ka nuna shafin, ka faɗi ko kuskuren ya taɓa kammalawa, shi kuma zai yanke ko gajeriyar sanarwar gyara ta isa ko sai an janye maƙalar. Haka nan kafin ka dogara da aikin wani a rubutunka na gaba, buɗe shafin maƙalar a mujallar da ta buga ta, ka duba ko an liƙa mata sanarwar gyara ko ta janyewa, domin kwafin da ka sauke shekaru uku da suka wuce ba zai nuna maka ba.